Rub da Ciki Gaban Suruki

Ƴan matan da ke zuwa wurina neman koyon jinya, tambayarsu ɗaya ce: "Inna Tabawa, allura za ki fara koya mana ko ɗaurin ciwo?" Sai in ce ba ko ɗaya. Ban taɓa yi wa kowa allura ba, ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko. Aikina juya mutum ne. Sai su dubi juna su ƙunshe dariya, wai juya mutum har wani aiki ne, sai ka ce waina a tanda. To, waina in ta ƙone zubarwa ake yi a zuba wata. Ku zauna ku ji.

Mai lafiya ko barci yake yi jikinsa na motsi. Gefe ya gaji, ya kira shi, ya juya bai ma sani ba. Wanda ƙashin bayansa ya karye, ko shanyewar jiki ta kama, ba ya jin wannan kiran. Ƙashi na danna nama ta ciki, shimfiɗa na danna shi ta waje, jini ya rasa hanya, naman ya mutu. Shi ne gyambon kwanciya. Cinsa irin na gara ne a azara. Ranar da kika ga ya buɗe baki a fata, an daɗe ana ɓarna a ƙasa.

Bayan rasuwar mijina na samu aikin shara da wankin zannuwa a likita, wato asibiti, nan Dogon Dutsi. Can na tarar da Kaka Asibi, wata tsohuwa gajeruwa da ke zama da marasa lafiyar da danginsu suka gaji. Ita ma ba ta yi boko ba, wurin wata majo ta koya, wato babbar malamar jinya. Ranar da na ce ina son aikin, sai ta ce in biyo ta. Ta nuna mini daɓen siminti bayan ɗakin wanki.

"Kwanta nan rigingine. Kada ki motsa ko ɗan yatsa sai an kira la'asar."

Lokacin an gama azahar ke nan. Na kwanta ina cewa a raina wannan ai hutu ne. Kafin a daɗe ƙeyata ta fara zafi, sai allon kafaɗa, sai ƙasan ƙugu kamar an ɗora garwashi, sai dugadugai. Ita kuwa tana zaune tana tsinkar zogale, ko kallona ba ta yi. Da aka kira salla ta ce, "Tashi. Ina da ina sunka yi miki ciwo?" Na nuna mata. Ta ce, "Nan za ki riƙa dubawa jikin kowa, safe da rana da marece. Ke kin ji, kin tashi. Su ba su ji."

Kayan aikina ba su cika kwando ba. Tsofaffin zannuwa da suka sha wanki har suka yi laushi, don sabuwar atamfa mai sitaci kankare fata take. Matasan kai na audugar rimi, manya da ƙanana, ni nake ɗinka abina. Sabulu marar ƙamshi, man kaɗe, da wani zane mai ƙwari da ake shimfiɗa wa ƙarƙashin mutum, biyu su kama gefe da gefe su ɗaga shi cak. Ba a jan mai jinya a kan shimfiɗa. Ja ɗaya kan yage abin da kika yi wata kina tattali. Sauran kayan a jikina suke: farce a yanke, hannu ba zobe, da bayan hannu. Fatarmu baƙa ce, ba ta yin ja a gani daga nesa. Wurin yakan ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya yi tauri, kuma ya fi kewayensa ɗumi. Bayan hannu ke gane wannan kafin ido.

Masu ciwon ba su cika ba ni wahala ba. Dangi ne aikin. Duk gidan da na shiga sai na tarar an naɗa tsumma an yi gammo an tura ƙarƙashin ƙugun mai ciwo, wai don gyambon ya sha iska a tsakiya. Gammo na kan mai tallar ruwa ne. A ƙugu, kewayen yake shaƙewa, ramin ya ƙara faɗi. Wasu su fasa kafso su barbaɗa, wasu toka, wasu garin sassaƙe. Abin da ya fi ba ni haushi, rage wa mutum abinci don kada ya yawaita ɓata shimfiɗa. Su bar shi da tsinkakken kunu, sannan su ce ciwon ya ƙi warkewa, lalle doguwa ce ta shafe shi. Ni ban hana kowa nemansa ba. A yi turare, a yi addu'a, a kira wanda za a kira. Amma a ba shi wake da nono da ƙwai, kuma a juya shi.

Wata tsohuwa, uwar wani ɗan kasuwa, ita ce ta farko da na gani an yi wa aikin faci. Gyambonta ya ci har ƙashi, irin wanda wanki da ɗauri ba su rufe shi. Aka kai ta Yamai. Can likitan fiɗa ya yanke mataccen nama duka, ya goge tsinin ƙashin, sannan ya yanko fata haɗe da tsoka daga mazauninta. Bai cire ta gaba ɗaya ba, ya bar gindinta a manne don jini ya riƙa shiga, ya juyo ta ya rufe ramin ya ɗinke. Aiki ne mai kyau, in kin gani sai ki ce tubarkalla. Sharaɗinsa ɗaya: kada nauyi ya hau wurin sai ya kama. Ba kwanciya rigingine, ba zama, sai rub da ciki ko gefe, makonni. Aka dawo da ita gida, ni da Kaka Asibi muna juya ta. Sai sunan jikanta ya zo. Muka je da hantsi muka tarar an yi mata kwalliya, an jingina ta da bango tun safe tana amsa barka, ana ɗaukar hoto. Da muka kwantar da ita, ɗinkin ya buɗe kamar bakin buhu. Naman da aka juyo ya yi sanyi, ya yi baƙi. Ba ta kai lokacin girbi ba, ta rasu. A hanyar komawa Kaka Asibi ta ce mini, "Ciwo ba shi kashe su, Tabawa. Kara ke kashe su."

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, ita ce mummunar shekarata. Ciyawa ta ƙare tun kafin tsakiyar rani. Maza suka koma hawan gawo suna sassabo wa bisashe ganye, ciki ba abinci. Masu faɗowa suka yi yawa. Zannuwana suka kasa isa, har na yayyaga na aurena. Ga shi ba nono, ba wake, ciwon da zai rufe a wata sai ya kai damina. A cikin waɗanda suka faɗo akwai Gado, manomi daga wani ƙauye wajen Dogon Kiriya, magidanci mai ƴaƴa. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba.

Ni ban gan shi ba sai bayan an yi masa aiki. Ya yi watanni kan tabarma a ƙauye, gyambo ya cinye ƙasan ƙugunsa har dunƙulen hannu na shiga. Ƙanensa Sani, wani matashi mai shago a kasuwar Dogon Dutsi, shi ya ɗauke shi zuwa Yamai aka yi masa faci irin na tsohuwar nan. Da aka sallame su ya sauke shi a gidansa don kusa da likita, ya aiko aka kira ni. Ya maimaita mini abin da likitan fiɗa ya ce: Gado ya rame, naman da za a yanko ba shi da yawa, wanda aka samu an yi amfani da shi. In wannan ya lalace, kada su sa rai da wani.

Muka shimfiɗa masa katifa a ƙasa, rub da ciki, matashi ƙarƙashin ƙirji, wani ƙarƙashin ƙwauri don yatsun ƙafa su tashi daga ƙasa. In ya gaji mu karkata shi gefe, ni da matarsa Zali, mu tokare da matasai yadda ko zane ba zai matse facin ba. Wankin ɗinki ba nawa ba ne. Wani malamin jinya ke zuwa daga likita da babur ya yi, ni in riƙe masa kwano in buɗe ido. Shi ya nuna mini yadda zan danna gefen facin da ɗan yatsa in saki, in ga ko jini na dawowa.

Gado mutum ne marar yawan magana. Abin da ya fara damunsa salla ce. Sani ya ce masa, "Yaya, addini bai ƙuntata ba. Wanda bai iya tsayuwa ya zauna, wanda bai iya zama ya yi kwance, da kai ma ya isa." Ya yarda, ya samu natsuwa. Ya riƙa cin abin da na ba shi. Kumburin ya fara saɓewa, gefen ɗinkin ya fara ƙamewa. Na ce a raina mun kusa tsallakewa.

Ran kasuwa na fita sayo masa hanta. Na bar shi rub da ciki yana sauraron rediyo. Da na dawo na ga amalanken jaki a ƙofar gida, an ɗaure zakara a kai, ga wani tsoho a zaure an kai masa ruwa. Ban tsaya ba, na gaishe shi a tsaitsaye na wuce. Tun daga tsakar gida na ji muryar Hajo, yayar su Gado, wadda ta zo daga ƙauye dubiya ta zauna.

"Kama hammatar da kyau! Ja shi nan jikin bango. Zali, miƙo rigar."

Na shiga na tarar sun birkito shi. Sani na riƙe da hammata ɗaya, Hajo da ɗayar, sun ɗago kafaɗunsa, ƙugun na shirin sauka kan katifa. Zali na tsaye da babbar riga da hula, idonta a ƙasa. Na ajiye hantar a bakin ƙofa. Ban ɗaga murya ba, don in an firgita masu riƙe da mutum sakinsa suke yi.

"Sani, kada ka saki, kada ka ja. Karkato shi wajena. A hankali."

Ya bi maganata. Na tare ƙugun da hannu biyu muka mai da shi gefe, na tokare. Sannan na miƙe na dube su.

Sani ya ce, "Inna, wallahi ni ma na ce ba dole ba ne. Yaya Hajo ce ta ce..."

"Ni na ce," in ji Hajo. "Tabawa, ke kiran ki anka yi, ba ki san gidanmu ba. Wancan da ke zaure Baba Arzika ne, mahaifin Zali. Tun daga wajen Lugu ya taso, bai shiga mota, ya kwana bisa hanya. Surukin mutum ya zo ya iske shi shanye awa kilishi, ɗuwawu sama? Mi za a ce da mu a gari?"

"Za a ce kuna da kunya. In an zo muku gaisuwar mutuwa a ƙara yaba muku."

"A'uzubillahi! Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Zaman gaisuwa kawai? Ko fura ba a gama damawa ba an mai da shi."

"Na ga wadda zaman gaisuwa ya kai kushewa. Ni na wanke ta."

Sai Gado ya yi magana, fuskarsa na kallon bango. "Inna, ki bar su su tada ni."

Ya ci gaba, bai juyo ba.

"Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa gaishe shi tsaye ba. Daga nesa nike tuɓe takalmi in durƙusa. Yau ya shigo ina kwance na ba shi baya, awa wanda ya ƙoshi? Ƙafa na rasa, na yi haƙuri. Kada ku sa in rasa wannan."

Da Hajo ce kawai, da na kore ta waje na zauna bakin ƙofa. Amma mai jikin ne ya faɗa. Na san irinsu: in na hana shi da ƙarfi, tsohon ya koma bai gan shi ba, zai daina cin abinci, kuma facin da ba a ci masa abinci shi ma mutuwa yake. In na bari, na san abin da zan tarar ƙarƙashin bandeji. Na ce, "Ku ba ni lokacin da baƙo zai gama shan ruwa. Wanda ya taɓa shi kafin in dawo, ni da shi ne."

Na koma zaure na durƙusa na gaida tsohon gaisuwa ta sosai, gajiya da hanya da mutanen gida. Dogo ne, busasshe, hannunsa duk kanta. Sannan na yi abin da ba a yi. Na faɗa wa suruki a fili inda ciwon surukinsa yake, da inda aka yanko nama, da abin da ake shirin yi a ciki saboda shi. Ban sakaya komai ba. Ya daɗe yana tauna goro.

"Naman nasa ne anka yanko anka liƙa?"

"Nasa ne, Baba."

"Awa facin guga ke nan."

"Haka ne."

"Wanda ya ja ruwa da guga ɗinki bai kama ba, fata biyu ya ɓata." Ya tofar da tuƙar goron. "To in koma?"

"In ka koma ba ka gan shi ba, zai ce fushi ka yi."

"In na shiga ya ji kunya."

"Haka ne."

Ya leƙa wajen ƙofar cikin gida. Can ya ce, "Bisa gado yake ko ƙasa?"

"Ƙasa, kan katifa."

"Akwai turmi gidan nan?"

Na koma ciki na ce wa Zali ta kawo turmi ta kife shi dab da kan katifar. Ni da Sani muka kama zanen ɗagawa muka mai da Gado rub da ciki. Na karɓi babbar rigar na buɗe ta na yafa masa daga wuya har dugadugai, sakwa-sakwa, ban bar ta ta zauna kan facin ba. Na ɗora masa hula. Yana ta cewa, "Inna, don Allah," ni kuwa ina ta gyara rigar. Hajo ta koma lungu tana tafa hannu a hankali.

Tsohon ya yi sallama ya shigo. Bai dubi tabarmar da aka shimfiɗa masa ba, ya hau turmin ya zauna, ya zama yana can sama, kan Gado na dab da ƙafafunsa. Gado ya kife goshi a katifa. Ya fara gaisuwa.

"Baba, barka da isowa. Ina gajiya? A gafarce ni, ban..."

"Ba gajiya. Ya jikin? Allah shi ƙara sauƙi." Ya juya wajen lungu. "Hajo, matso ki ji. Surukaina duka durƙuso suke yi mini. Wani ma ɗan rusunawa yake ya wuce, awa mai neman allura. Wanga shi kaɗai ya kai mini goshinsa ƙasa. Haka nike son in riƙa iske shi har likita ya ce ya isa. Wanda ya tada mini shi, ni ya rena."

Hajo ta ce, "To, Baba." Ta koma lungunta.

Kafaɗun Gado suka yi ta rawa ƙarƙashin riga. Na fita na ba su wuri, na je na hura wutar hanta.

Da marece na ɗaga rigar. Bandejin ya ɓaci da jini a kusurwa ɗaya, ta gefen da Hajo ta ja. Na aika Sani ya ɗauko malamin jinya. Ya buɗe ya duba, ya ce ɗinkin ya ɗan saki a nan, amma naman na da rai. Na sa bayan hannuna, da ɗumi. Na danna na saki, jini ya dawo. Wannan jan kaɗai ya ƙara wa Gado kwanakin kwanciya masu yawa, kusurwar ita ce ta ƙarshen rufewa. Zakaran da tsohon ya kawo, romonsa muka ba shi, ya shanye har da neman ƙari.

Zama ma koyonsa ake yi. Da likita ya ba da izini, muka fara da ɗan kaɗan kan matashi mai laushi, mu kwantar mu duba fatar, gobe mu ƙara. Na koya masa ya riƙa dafa hannu yana ɗaga jikinsa a kai a kai, ko yana cikin hira, kuma Zali ta duba masa wurin kullum har iyakar rayuwarsa, don facin da ya kama ma yana iya sake ci. Daga baya ya samu keken guragu mai tuƙin hannu. Yana tufkar igiya da gyaran guga a gefen shagon Sani.

Tafiyarsa ta farko, ya ce sai gidan surukinsa. Suka roƙe ni na bi su saboda jijjigar hanya. Muka shimfiɗa shi rub da ciki a bayan mota, muka ɗaure keken a sama. Da muka isa aka zaunar da shi a keke, ya tuƙa kansa har ƙofar bukkar tsohon. Nan ya tsaya, ya cire hula, yana waige-waige, ya ce wa Sani ƙasa-ƙasa a sauke shi. Tsohon na kan tabarma, ya riga ya ji.

"A'a, Gado, ashe ka yi girma? Yau zaune kake gaishe ni, har ka fi ni tsawo?"

"Baba, yanzu za a sauke ni."

"Bar shi nan, Sani. Zaman nan shi na tahi nema wancan karon. Sai yau na samu."

Wannan shi ne juya mutum. Wadda har yanzu take son koyo a cikinku, ga daɓe can bayan ɗaki na share shi. An gama azahar. Ta je ta kwanta rigingine, ni zan kira ta.